Tambayi Bakanike: Dogon hannu ɗaya ko gajeru huɗu, wanne ya fi riƙe bayan mota?

Tambaya: Salam oga, barka da aiki. Ina da Ford Mustang GT ƙirar 2003 mai giyar hannu, na siyo ta ne daga hannun wani da ya shigo da ita ta Kwatano. A miƙe ba ni da matsala da ita wallahi, amma da na shiga kwana na ɗan taka totur sai bayan ya fizge ba sallama, ranar nan saura ƙiris in haye kan kwalbati. Na canza bushin na sa masu tauri irin na roba mai launi sai abin ya ƙaru. Wani abokina ya ce in cire hannuwan sama in ɗaura abin da ake kira tok-am, wani kuma ya ce a'a in siyo sabbin kwantirol-am masu kyau kawai. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. To da farko dai Allah ya tsare gaba, na biyu kuma wancan bushin mai tauri da ka sa shi ne ya ƙara maka ciwon, zan dawo kansa.

Bari mu fara shiga ƙarƙashin motar tukuna don wanda bai taɓa leƙawa ba ya gane me ake faɗa. Motarka aksil ɗinta na baya guda ne sanƙamemme, taya nan taya can, a tsakiya ga tulun giya wanda farfela ke shiga, Amurkawa ma kabewa suke ce masa saboda siffarsa. To shi wannan aksil ɗin abu uku yake son yi idan ba a riƙe shi ba. Yana so ya yi gaba ya bar motar, yana so ya zame gefe idan an sha kwana, sannan na uku wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba, yana so ya murɗe. In tayoyi suna juyawa gaba to jikin aksil ɗin baya yake son juyawa, hancin tulun ya ɗaga sama kamar doki ya yi tsaye da ƙafar baya. Duk rigimar tok-am da kwantirol-am a kan wa zai hana wannan murɗewar ne.

Kuma ba ƙaramin ƙarfi ba ne fa. Injinka V8 ne mai lita 4.6, ƙarfin murɗarsa ya ɗan haura Nm 400 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa), giya ta ɗaya tana ninka shi sau 3.38, tulun baya ya sake ninkawa sau 3.27, kaga kenan kusan sau 11, wato wajen Nm 4,400 ke neman murɗe aksil ɗin in tayoyi suka kama kwalta da kyau. A tsarin da Ford ta yi maka hannuwa huɗu ne, su ake ce wa kwantirol-am, biyu dogaye a ƙasa suna kallon gaba, biyu gajeru a sama an karkata su kamar harafin V. Na ƙasa ana tura su, na sama ana jan su, haka suke tare murɗewar. A ce tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa santimita 25 ce, to ƙarfin da ke bi ta cikinsu ya kai nauyin tan 1.8. Amma a ce ka ɗaura sanda doguwa mai mita 1.2 a jikin tulun ka miƙar da ita gaba har kusa da giyabos, wannan murɗewar dai, a bakin sandar abin da zai rage bai wuce kamar kilo 370 ba. Duk wanda ya taɓa zura bututu a wil-sifana don ya kwance notin taya da ya ƙi ya san wannan lissafin ko bai je makaranta ba. To wannan sandar ita ce tok-am, babu wani sihiri.

Yanzu ga inda matsalar motarka take. Waɗancan gajerun hannuwan na sama aiki biyu aka ɗora musu, su hana murɗewa kuma su hana aksil zamewa gefe, shi ya sa aka karkata su. Ford ta yi haka ne don araha da kuma saboda ba ya cin wuri, ta fara da shi a Mustang na 1979 ta ja shi har 2004, kuma ba ita kaɗai ba, Chevelle da Pontiac GTO na shekarun 1960 duk haka suke. Amma ai ba a tauna taura biyu. Idan mota ta kwanta a kwana, hannun sama na dama da na hagu kowanne da'irarsa daban yake bi, ɗaya na so ya ƙara tsawo ɗaya na so ya rage, ƙarfe kuma ba ya miƙewa, to wa ke ɗaukar wannan bambancin? Robar bushin. Ita ce ke matsewa tana lanƙwasa don ƙafar ta samu ta motsa. Da robar ta kai iyakarta sai ƙafar baya ta cije, ta zama kamar babu sifirin gaba ɗaya, nauyi ya faɗa kan tayar waje lokaci guda, sai kaji bayan ya tafi. Wannan shi ne fizgar da kake ji, kuma shi ya sa ba ta yin gargaɗi. Kai kuma sai ka je ka cire roba mai taushi ka sa mai tauri, ka toshe ɗan numfashin da ya rage mata, an yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan.

Na taɓa shiga rami ƙarƙashin irin motarka, mai ita ya sa bushin mai tauri a duka bakuna takwas. Muka cire sifirin da shokazoba muka sa jak a ƙarƙashin taya ɗaya muna ɗagawa a hankali, ba mu yi nisa ba sai ga bodin motar gaba ɗaya ya fara tashi daga kan abin da muka tokare shi, alhali babu sifirin ko ɗaya a jiki. Da na haska tocila inda hannun ƙasa ke kama bodi sai ga tsaga siririya kamar gashi ta bi gefen waldar, fenti ya ɗaɗɗago. Wurin nan sananne ne da yagewa a waɗannan motocin, kai ma ka sa a duba maka shi kafin komai.

Shi tok-am abin da ya yi kawai raba aiki ne. Dogon hannun ya ɗauki murɗewa shi kaɗai, hannuwan ƙasa biyu su ɗauki turawa gaba, sai a kawo wata sanda a gicciye, bakinta ɗaya a bodi ɗaya a aksil, ita ke hana zamewa gefe, sunanta Panhard, daga wani tsohon kamfanin motoci na Faransa ta samo sunan. Kowa da aikinsa babu mai shiga na wani, shi ya sa ƙafar ke motsi sakayau kuma in bayan zai zame a hankali yake zamewa kana ji a kujera kana gyarawa da sitiyari. Babbar kishiyar motarka wato Chevrolet Camaro da 'yar'uwarta Pontiac Firebird da wannan tsarin suka fito daga kamfani tun 1982 har 2002. Ko Buick da ta tashi yin GNX a 1987, guda 547 kacal ta ƙera, sai da ta sauya tsarin baya, ta sa wata sanda mai tare murɗewa da Panhard. Ita kanta Ford ɗin a 2005 ta watsar da hannuwan V, ta koma hannu ɗaya a sama da Panhard, kaga ai ta amsa laifinta ba tare da ta faɗa da baki ba.

To amsarka a taƙaice, in kwana ce damuwarka abokinka na farko ya fi gaskiya. Akwai kamfanoni a Amurka irin su Maximum Motorsports da Griggs Racing da suka daɗe suna yin tok-am na wannan motar. Sai dai kar ka ɗauka sanda ɗaya za ka siyo ka ɗaura ka kama gabanka. Dole sai da Panhard tunda za a cire hannuwan sama, in ba haka ba babu abin da ke riƙe aksil a gefe, dole a yi waldar ƙarafan da ke haɗa shasin gaba da na baya don a samu inda bakin sandar zai zauna, sannan sifirin baya sai ka ƙara musu tauri domin wancan cijewar da kake kuka da ita tana cikin abin da ke tallafe motar a kwana, in ta tafi sai bayan ya yi laushi fiye da da. Salansa ma wani lokacin sai an karkatar da ita. Ga kuma abin da masu sayarwa ba sa damuwa da shi don su titinsu sumul ne, sandar tana bi ta ƙasan farfela ne, tana rage tazarar mota da ƙasa, kuma ka san irin tudun rage gudun da 'yan unguwa ke ginawa da kansu a nan, wani kamar kabari. Ka auna kafin ka tura dala.

In kuɗin bai kai ba a yanzu, ka mayar da bushin roba na asali a hannuwan sama, wannan ma kaɗai za ka ji bambanci, ka sa hannuwan ƙasa masu kyau waɗanda baki ɗaya ke da ƙwallon da ke juyawa, ka sa shokazoba na kirki, ka duba tayoyi. Rabin motocin da ake kawo min da kukan bayan na fizga tayoyin Belgium ne da suka shekara bakwai sun bushe kamar ƙirgi.

Tambaya: Yallabai ni BMW E46 gare ni muna ɗan wasan zamiya da ita a fili, na ga ana ta yabon tok-am a YouTube, zai shiga tawa? Daga Kaduna.

Amsa: Ba zai shiga ba ƙanena, kuma ba ka buƙatarsa. Taka kowace tayar baya cin gashin kanta take, tulun giyar a ɗaure yake a jikin shasi ba ya hawa ba ya sauka, don haka murɗewar bodi take shiga kai tsaye ba ta bi ta hannuwa. Haka Marsandi 190 wadda ta zo da hannuwa biyar a kowace taya tun 1982, haka V-boot, haka Camaro daga 2010 da Mustang daga 2015. Duk maganar da na yi a sama ta masu aksil guda ce. Kai abin da ya kamata ka sa wa ido a E46 shi ne inda shasin baya ke kama bodi, yana tsagewa musamman ga masu sakin kuloci da ƙarfi irinku. Kuma don Allah a fili ɗin dai, ba a titin ɗaurin aure ba.

Tambaya: Ni tsohon direba ne, na ja Pijo 404 na ja 504 wagon shekaru masu yawa Kano zuwa Jos. Yarona ya karanta min bayanin da kuke yi na ce masa ai wannan ba sabon abu ba ne, Pijo tana da bututun da farfela ke ciki. Ko ba shi ba ne?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wallahi kun yi kusa sosai, 'yan gida ɗaya ne. Wancan bututun na Pijo a ɗaure yake ƙam a jikin tulun aksil, ya miƙe har bayan giyabos inda yake da gaɓa guda mai juyawa, farfela tana cikinsa ba a ganinta. Shi ma dogon hannu ne mai hana aksil murɗewa, tunanin ɗaya ne, kuma ya girmi kowa a nan don har Ford Model T da shi ta fito. Inda suka rabu shi ne bututun Pijo yana ɗaukar turawa ma, wato ƙarfin da ke tura motar gaba ta cikinsa yake bi ya daki bayan giyabos, shi kuwa tok-am an bar bakinsa na gaba yana ɗan zamewa gaba da baya da gangan, ba ya tura komai, hannuwan ƙasa ke wannan aikin. In aka ɗaure bakin nan ƙam sai ya fara faɗa da hannuwan ƙasa a koma gidan jiya. Masu motar tsere sun guje wa bututun ne saboda nauyi, duk abin da ke hawa da sauka tare da taya ana so ya zama marar nauyi, sannan ku kun fi ni sanin wahalar da ake sha kafin a sauke giyabos a mota mai bututu, sai an ja aksil baya. Amma a hanyar gargada da lodi har saman rufi ai wagon ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna ta nuna kanta, ƙura da ruwa ba sa samun farfela. Na gode da wannan tunin Baba.

Tambaya: Ina da Camaro Z28 na 1999. In na taka birki da ƙarfi ina saukowa giya sai bayan ya kama tsalle da-da-da kamar zai balle. Kuma robar da ke riƙe giyabos ta yage sau biyu. Tok-am ɗin ne ko me?

Amsa: Shi ne, kuma gara da ka aiko don kar wanda ya yi tambaya ta farko ya ɗauka abin ba shi da aibu. Dogon hannun nan idan ka taka totur bakinsa sama yake tura bodi, bodi kuma ya danna tayoyi ƙasa, shi ya sa motocin nan ke tashi da kyau. To in ka taka birki sai komai ya juya, bakin ya ja bodi ƙasa, aksil ya yi sama, tayar ta saki kwalta ta kulle, da ta saki sai ƙarfin ya ɓace ta faɗo ta sake kamawa, ta sake tashi, haka za ta yi ta yi sau da yawa a daƙiƙa guda. Gwargwadon gajartar sandar gwargwadon munin abin, shi ya sa masu tseren miƙe ke son gajere don yana cizon ƙasa a tashi, masu tseren kwana kuma suna son dogo. In wani ya taɓa canza maka da gajere to ga dalilin nan. In na asali ne, ka fara da shokazoba na baya don in sun mutu ba abin da ke kashe tsallen, sannan ka koyi ɗan taɓa totur lokacin da kake saukowa giya don juyin inji ya dace da na taya kafin ka saki kuloci, yawanci a daidai sakin kulocin ne tsallen ke farawa. Kar kuma ka sa birkin baya mai kamu fiye da na gaba.

Maganar robar giyabos kuwa, GM, kamfanin da ya ƙera Camaro, a wutsiyar giyabos ta maƙala bakin tok-am ɗin, kenan duk tashin da ka yi da ƙarfi wutsiyar ake ɗagawa sama ana jan robar. Akwai gindin giyabos na kasuwa da ke ɗauke bakin sandar daga wutsiya ya mayar da shi kan ƙarfen gindin, shi ne maganin dindindin, sai dai za ka ɗan ƙara jin ƙara da girgiza a cikin mota. In ka sa mai daidaitawa a tabbata an auna kusurwar hancin tulu da ta farfela da ma'auni ba da ido ba, in ta kauce za ka ji mota na rawa a babban gudu kuma kuros ɗin farfela ba zai daɗe ba. Tunda kuma motar taka mai injin V8 da ake kira LS1 ce, ka sani tulun bayanta ƙarami ne bai kai na Mustang mai inci 8.8 ƙwari ba, in ka sa tayoyi masu kamu ka gyara tashi ya yi kyau sosai to haƙoran tulun ne za su biya kuɗin.

Tambaya: Ni tseren miƙe kawai ke burge ni, mita 400 ɗin nan. Wanne ya fi?

Amsa: A nan hannuwa huɗu ba su da abin kunya ko kaɗan. Motar da ba ta shan kwana ba ta kwanciya gefe sosai balle ta cije, kuma Mustang masu hannuwan V ɗin nan sun yi suna a tseren kwata mil, wato mita 402, da gyara kaɗan. Manyan motocin da aka ƙera don wannan tseren kawai ma hannuwa huɗu suke amfani da su, sai dai nasu a jere suke ba a karkace ba, kuma faranten da suke kamawa cike suke da huji, ka matsar da hannu huji ɗaya sama ko ƙasa ka canza yadda motar ke danna taya a tashi. Tok-am ba ya ba ka wannan yawan zaɓin, tsawonsa da tsayin bakinsa ne kusan duk abin da kake da shi.

Tambaya: Oga dala ta yi tsada. Akwai mai walda a layinmu gwani ne sosai, in na samo bututu a Ƙofar Ruwa ba zai iya haɗa min ba? Daga Kano.

Amsa: Zai iya haɗa abin da ya yi kama da shi, wannan ba na musu, masu waldarmu in ka nuna musu hoto sai su yi maka har da fenti. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne kaurin bututun da irin ƙarfen, da yadda bakin gaba ke zamewa, da inda ya kamata tsayin Panhard ya tsaya. Ita Panhard ɗin ma kaɗai in ta yi gajarta ko ta karkace sai ta riƙa jan aksil gefe duk sanda mota ta hau ta sauka, mai mita ɗaya da ke kwance daidai in aksil ya motsa santimita 10 milimita 5 kawai take ja, amma ka rage tsawonta rabi jan ya ninka, ka karkata ta kuma mota ta riƙa shan kwanar dama daban ta hagu daban. Sannan ka tuna in aka cire hannuwan sama wannan sandar ce kaɗai ke hana tulun juyawa, ranar da waldarta ta saki kana cikin gudu hancin tulu zai wuntsila, farfela ta tsinke, kuma tana juyawa ne a daidai ƙasan kujerarka. Bututun ruwa ko na rumfa dai kar ma a fara. In har sai an yi a gida, a samo bututun ƙarfe marar ɗinki mai kauri, a yi farantin da zai kama tulun da noti ba walda a jikin tulun ba don shi zubi ne ba ya karɓar walda yadda kake zato, a sa zoben ƙarfe da zai tare farfela in ta tsinke, kuma a fara gwadawa a fili babu kowa a giya ta ɗaya da ta biyu, a dawo a shiga rami da tocila a duba kowane ɗinki. Ka turo min hoton ƙasan motar da sunanta da shekararta tukuna, don ba ka ma faɗa min wace mota ba ce, kar mu yi ta zuba ashe a-kori-kura ce mai sifirin faranti.